Tambayoyi da Amsoshi Kan Saita Ƙarfin Matsin Kuloci a Motar da Aka Ƙara wa Ƙarfi

Duk wanda ya ƙara wa injin motarsa ƙarfi, ko ta hanyar sa turbo ko ta hanyar sauya saitin kwamfutar inji, yakan tarar cewa kuloci ne ke fara kokawa tun kafin sauran sassa su ce uffan. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu irin waɗannan motoci da makanikansu suka fi yawan yi, kuma amsoshin sun shafi mota mai giyar hannu, ta kan titi da ta filin tsere.

Mene ne ƙarfin matsi, kuma daga ina yake fitowa?

Kuloci abubuwa uku ne a haɗe. Akwai filawil da ke ɗaure a bayan karanshaf, akwai faifan kuloci da ke zaune a kan sandar da ta shiga giyabos, sannan akwai farantin matsi da ke danne faifan a jikin filawil. Ƙarfin da farantin yake danne faifan da shi, a lokacin da direba ya ɗauke ƙafarsa daga feda, shi ne ƙarfin matsi. Ana auna shi da niyutan, wato N, kuma don a samu saukin kwatance, N 10 ya yi kusan daidai da nauyin kilo ɗaya. Wannan ƙarfi daga sifirin ɗin da ke cikin farantin yake fitowa, ba daga ƙafar direba ba, domin aikin ƙafa shi ne ta ɗage matsin, ba ta samar da shi ba.

Yaya ake sanin yawan matsin da mota take buƙata?

Da lissafi ake sani, ba da ƙiyasin ido ba. Ƙarfin juyin da kuloci zai iya riƙewa ba tare da ya zame ba ya dogara ne a kan abubuwa huɗu da ake ninka juna: ƙarfin matsi, da ma'aunin riƙon abin da aka yi fuskar faifan da shi, da matsakaicin nisa daga cibiyar faifan zuwa tsakiyar fuskar da ke gogayya, da kuma yawan fuskokin da ke gogayyar. Faifai ɗaya fuska 2 gare shi, faifai biyu kuwa fuska 4.

Bari mu ɗauki misali. A ce faifan yana da faɗin milimita 240 daga waje, da milimita 160 daga inda fuskar gogayya ta fara ta ciki. Matsakaicin nisan ya zama milimita 100, wato mita 0.1. Idan fuskar irin ta yau da kullum ce, wadda ake haɗawa da zare da ƙaro, ma'aunin riƙonta bai cika wuce 0.25 zuwa 0.30 ba, don haka mu ɗauki 0.27. Da matsin N 7,000, wannan kuloci zai riƙe Nm 378 (Nm, wato niyutan-mita, shi ne ma'aunin ƙarfin juyi). To, idan an ƙara wa injin ƙarfi har juyinsa ya kai Nm 450, ga shi kuma ana so a bar rarar kashi 25 cikin 100 saboda zafi da tsufa, abin da ake nema ya zama kusan Nm 560. Idan aka dage sai da wannan faifan, dole matsin ya haura N 10,000. Idan aka sauya fuskar zuwa ta seramik mai haɗe da ƙarfe, wadda ma'aunin riƙonta ya kai wajen 0.40, matsin N 7,000 ɗin nan na asali ya wadatar. Idan kuwa aka sa faifai biyu masu fuskar yau da kullum, abin da ake buƙata bai wuce N 5,200 ba.

Wannan misali ya nuna cewa matsi ɗaya ne kawai daga cikin ƙofofi huɗu, kuma sau da yawa ba shi ne ƙofar da ta fi dacewa a bi ba. Abu na biyu da ya kamata a lura da shi shi ne ƙarfin juyi ake dubawa, ba ƙarfin doki ba. Injin turbo da ke ba da juyi mai yawa tun yana zagaye 3,000 a minti ya fi wahalar da kuloci a kan injin da ke da ƙarfin doki iri ɗaya amma sai ya kai zagaye 8,000 kafin ya nuna shi.

Me zai hana a sayi faranti mafi ƙarfi a kasuwa a huta?

Abin da zai hana shi ne duk ƙarfin da aka ƙara wa sifirin, wani sashe na motar ne zai biya kuɗinsa. Na farko ƙafar direba ce, kuma wanda ya taɓa shafe awa guda a cunkoson gari da feda mai tauri ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Na biyu, wanda ya fi muni domin ba a ganinsa, shi ne washar da ke tare karanshaf daga motsawa gaba ko baya. Duk lokacin da aka taka feda, boris ɗin saki, wato boris ɗin da feda ke motsawa don ɗage matsi, yana danna yatsun da ke tsakiyar sifirin ɗin faranti, kuma wannan ƙarfi yana bi ta filawil ya sauka a kan wannan washa. Yatsun suna rage ƙarfin da ake buƙata da kusan ninki huɗu, saboda haka faranti mai matsin N 10,000 yana ɗora wa washar abin da ya kusa nauyin kilo 250 a kowace takawa. Mafi tsananin lokacin shi ne sa'ad da ake tayar da inji da safe ƙafa na kan kuloci, alhali mai bai riga ya zagaya ba. Injin Mitsubishi 4G63 da ke cikin motocin Eclipse na shekarun 1995 zuwa 1999 da Talon na 1995 zuwa 1998 ya yi ƙaurin suna a Amurka kan cinyewar wannan washa, kuma faranti mai nauyi yana cikin abubuwan da aka daɗe ana ɗora wa laifin tsananta matsalar.

Bayan waɗannan akwai cokalin da ke tura boris, wanda kan lanƙwashe ko ya tsage, da silinda ta sama da ta ƙasa, masu kai ƙarfin feda ga boris ta hanyar mai, waɗanda robobinsu kan gaji da wuri. Sannan akwai wani amfani na kuloci da mutane ke mantawa da shi: yana cikin sassa mafi araha da ke tsakanin inji da taya. Idan aka tashi da ƙarfi taya ta kama ƙasa, dole wani abu ya sassauta na ɗan lokaci. Kulocin da ya ɗan zame na ƙiftawar ido ya ceci haƙoran giya da sandunan taya, wanda kuwa aka yi shi ba ya sassautawa ko kaɗan ya miƙa dukan gaba ɗaya ga giyabos. A ganina, matsin da ya dace shi ne mafi ƙarancin da zai riƙe juyin injin tare da rara mai ma'ana, ba mafi yawan da ƙafa za ta iya jurewa ba.

Shin kowane kuloci ne ake iya saita matsinsa?

A'a. Kusan duk motocin zamani suna amfani da faranti mai sifirin guda ɗaya mai siffar tasa, wanda tsakiyarsa ta rarrabu zuwa yatsu. Asalin wannan sifirin ƙirar wani Bafaranshe ne mai suna Julien Belleville tun ƙarni na 19. Irin wannan faranti ba shi da wani noti da za a murɗa don a ƙara matsi, kamfanin da ya ƙera shi ya riga ya yanke hukunci ta kaurin sifirin da inda ya kafa masa madogara. Abin da makanike yake da iko a kansa shi ne ya tabbatar an ɗaura farantin a daidai tsayin da aka tsara shi ya yi aiki.

Wanda ake saitawa da gaske shi ne faranti mai naɗaɗɗun sifirin da hannuwa uku, musamman irin wanda ake kira Long, wanda tsoffin motocin Ford suka yi amfani da shi, kuma masu tseren gajeren zango a Amurka suka riƙe shi har yau.

An sa sabon kuloci mai ƙarfi amma har yanzu yana zamewa. Ina matsalar take?

A mafi yawan lokuta ba a cikin kwalin da aka sayo take ba, a wajen ɗaurawa take. Wuri na farko da za a duba shi ne filawil. Da yawa daga cikin filawil ba shimfiɗe suke ba: fuskar da faifai ke gogawa tana da tsayi dabam da wurin da ake ɗaure farantin matsi, ko dai ta ɗan tashi sama ko ta ɗan nutse. Wannan bambancin tsayi an ƙayyade shi, kuma shi ne ke nuna yadda sifirin zai danne idan an ɗaure notuna. Abin da ke faruwa a gareji shi ne a kai filawil wajen mai injin sassaƙar ƙarfe, ya aske fuskar gogayya ta yi sumul tana ƙyalli, ya bar wurin ɗaure faranti yadda yake. A ido aiki ya yi kyau, amma ga sifirin ɗin, tamkar an sa masa faifan da ya riga ya cinye ne. Idan an aske rabin milimita, an zubar da babban kaso na rayuwar kulocin tun motar ba ta bar gareji ba. Ƙa'ida ita ce duk abin da aka cire daga fuskar gogayya, a cire daidai da shi daga wurin ɗaure faranti, sannan a auna da ma'aunin zurfi a gwada da abin da kamfanin kulocin ya rubuta.

Yana da kyau a fahimci ɗabi'ar sifirin mai yatsu a nan, domin ba kamar naɗaɗɗen sifirin yake ba. Matsinsa ba ya raguwa kai tsaye yayin da faifai ke cinyewa. Da farko ma ɗan ƙaruwa yake yi har ya kai ƙololuwa, daga nan sai ya faɗi da sauri. Wannan ne dalilin da ya sa fedar kulocin da ya tsufa take ƙara tauri, kuma shi ne dalilin da ya sa kuskuren tsayi ta kowane ɓangare yake da illa: idan faifan ya yi kauri fiye da kima, ko tudun filawil ya yi yawa, sifirin zai baje ya wuce inda ƙarfinsa yake, kulocin kuma ya ƙi saki sosai.

Wuri na biyu shi ne boris ɗin saki. Idan yana danne da yatsu da ƙarfi alhali ƙafa ba ta kan feda, to yana satar wani kaso na matsin a kowane lokaci. Akwai wata alama da ke saurin tona asirin wannan: motar tana tafiya lafiya da safe, amma bayan tafiyar rabin awa sai ta fara zamewa, kuma wurin da kuloci ke kamawa ya riƙa hawa sama. Sau da yawa abin da ya faru shi ne an tsawaita sandar da ke tsakanin feda da silinda ta sama don kulocin ya riƙa saki da wuri, har fistin ɗin ya toshe ɗan ramin da mai ke komawa kofi ta cikinsa. Da zarar man ya yi zafi ya kumbura, ba shi da hanyar komawa, sai ya tura boris. Gwajinsa ba wuya: a tura sandar silinda ta ƙasa da hannu, idan ta koma ciki a hankali ramin a buɗe yake, idan ta ƙi motsi a rage tsawon sandar feda.

Wuri na uku shi ne mai. Ɗigo kaɗan daga robar tare mai ta bayan karanshaf, ko giris da aka cika a kan haƙoran sandar giyabos, ya isa ya lalata riƙon faifai, kuma babu yawan matsin da zai gyara faifan da ya sha mai.

Wasu makanikai suna sa washa tsakanin faranti da filawil. Hakan yana ƙara matsi?

Ba ya ƙarawa ta hanyar da za a dogara da ita. Washar tana nisanta faranti daga faifai ne, wato daidai da abin da cinyewar faifai ke yi. A naɗaɗɗen sifirin hakan rage matsi yake yi kai tsaye. Masu tsere suna amfani da siraran washa da aka auna kaurinsu, amma don su daidaita tsayin hannuwa bayan sun sa sabon faifai, kuma suna zare su ɗaya bayan ɗaya yayin da faifan ke cinyewa. Washar da aka tsinto daga gwangwanin notuna ba ta cikin wannan magana, domin idan kaurinsu bai zo ɗaya ba farantin zai zauna a karkace.

Wace rata ake bari tsakanin boris da yatsu, kuma har ina feda za ta tafi?

A kulocin da ake turawa, wato wanda boris ke tura yatsunsa, yatsu suna tasowa zuwa wajen boris yayin da faifai ke cinyewa, kuma saboda ninkin nan na yatsu, cinyewar rabin milimita tana ɗago su kusan milimita 2. Don haka dole a bar musu wurin tasowa. Idan boris ɗin irin mai fistin a jikinsa ne wanda ke zaune a cikin gidan kuloci, ana auna nisa daga bakin gidan zuwa kan yatsu, da nisa daga bakin gidan zuwa fuskar boris bayan an danna fistin ɗin ya koma ƙarshe, sannan a ɗebe ɗaya daga ɗaya. Kamfanoni sun bambanta, amma galibi ratar da suke nema tana tsakanin milimita 2.5 da 6. Wannan awo kafin a mayar da giyabos ake yin sa, kuma gani ya kori ji: a rubuta lambobin a takarda, kada a dogara da cewa kayan sun zo tare a kwali ɗaya. Motoci irin su Subaru WRX STI da Mitsubishi Lancer Evolution kulocinsu ja ake yi, ba turawa ba, saboda haka yatsunsu ɗaya ɓangaren suke bi, kuma ba a ɗauko musu wannan lissafi kai tsaye.

Game da tafiyar feda, ƙananan kulocin tsere masu faɗin milimita 184 ko 140, irin waɗanda kamfanonin Tilton da AP Racing suke ƙerawa, tafiya kaɗan suke buƙata kafin su saki. Idan aka bar feda ta tafi har ƙasa kamar yadda take yi da kulocin asali, za ta tura sifirin ya wuce iyakarsa, kuma sifirin da aka yi wa haka yakan rasa wani kaso na ƙarfinsa har abada. Maganin shi ne a kafa wa feda matokari. A ɗaga tayoyin da ke jan motar, inji a kashe, a sa giya ta ɗaya, mutum ɗaya ya riƙa taka feda a hankali yayin da wani ke ƙoƙarin juya taya da hannu. Inda tayar ta fara juyawa nan ne wurin saki. A ƙara kimanin milimita 6 na tafiyar feda daga nan, a ɗaure matokarin.

A kulocin da ake saitawa, mene ne bambancin matsin tushe da matsin nauyi?

Matsin tushe shi ne wanda sifirin ke bayarwa, ko inji yana gudu ko yana tsaye, kuma ana ƙara shi ko a rage ta murɗa notin da ke kan kowane sifirin, ana ƙirga zagayen da aka murɗa don su zo daidai. Matsin nauyi kuwa daga ƙananan notuna da washa da ake ɗaurawa a kan hannuwan faranti yake zuwa. Yayin da inji ke juyawa, nauyin yana neman ficewa waje, hannun kuma ya mayar da wannan ƙoƙari ya zama danniya a kan faifai. Abin lura shi ne wannan ƙarfi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun inji, ninkin ba ninki yake yi: nauyin da ya ba da wani adadi a zagaye 3,500 zai ba da ninki huɗu a zagaye 7,000. Shi ya sa da giram ake auna shi, kuma giram ɗaya ko biyu a kowane hannu yakan sauya halin mota.

A tseren gajeren zango na mita 402, matsin tushe ne ke yanke yadda mota za ta tashi daga layi, nauyi kuma shi ke kulle kulocin idan gudu ya yi nisa. Idan mota tana kartar taya ko injin ya durƙushe a wurin tashi, tushe ya yi yawa. Idan ta tashi lafiya amma injin ya riƙa tserewa a giya ta ƙarshe, nauyi ne ya yi kaɗan. Ana sauya abu ɗaya ne a kowane gwaji, kuma na'urar da ke naɗar gudun inji tare da gudun sandar giyabos ita ce alƙali, domin tazarar da ke tsakanin layukan biyu ita ce zamewar. Ƙarshen wannan fasaha yana wajen motocin tseren ajin Top Fuel na NHRA, hukumar tseren gajeren zango ta Amurka, waɗanda ba su da giyar sauyawa ko ɗaya, kulocin mai faifai da yawa ne ke kamawa mataki-mataki a cikin tseren mita 305 da ba ya kai daƙiƙa 4.

Faifai mai kunnuwa 4 ko 6 yana ƙara matsi?

Ba ya ƙara ƙarfin da faranti ke bayarwa, yana tattara shi ne a kan ƙaramin wuri. Riƙon da ake ji ya ƙaru daga seramik ɗin da ke kan kunnuwan ya fito. Ladan hakan shi ne jure zafi, farashinsa kuma shi ne kamawa farat ɗaya, da karkarwa a wurin tashi, da saurin cin fuskar filawil.

Yaya ake ɗaure notunan faranti?

A daidaita faifai a tsakiya da sandar saiti, a tabbatar farantin ya zauna a kan turakunsa, sannan a riƙa ɗaure notunan kaɗan-kaɗan, wannan da wanda ke fuskantarsa, har farantin ya sauka gaba ɗaya a tare. Wanda ya ɗaure noti ɗaya har ƙarshe kafin sauran ya murɗe murfin, kuma yatsun za su fito ba tsayi ɗaya ba. A kammala da sifana mai awon ɗauri bisa lambar da ke littafin motar. Kafin wannan duka, a ɗora ma'auni mai agogo a fuskar filawil a juya shi, kada rawarsa ta wuce kimanin milimita 0.1. Farantin da ke saita kansa da kansa, irin wanda kamfanin LuK ke yi wa motocin Turai da dama, yana buƙatar na'urar da za ta danne sifirin kafin a ɗaure, in ba haka ba zoben saitinsa zai juya ya ɓata tsayin yatsu.

Har yaushe za a yi haƙuri kafin a gwada ƙarfin motar?

Sabon faifai ba ya taɓa filawil da dukan fuskarsa, sai a 'yan wurare, saboda haka riƙonsa bai cika ba ko da matsin daidai yake. Yawancin kamfanoni suna neman kimanin kilomita 800 na tuƙin cikin gari mai yawan tsayawa da tashi, domin doguwar tafiya a giya ta biyar ba ta koya wa kuloci komai. Wanda ya gaggauta ya ƙona fuskar ta yi santsi kamar gilashi, kuma ba kasafai take dawowa ba.

Bayan haka sai gwaji. A hanyar da babu jama'a, a sa giya ta huɗu ko ta biyar, inji yana ƙasa kaɗan da inda juyinsa ya fi ƙarfi, a taka totur har ƙasa. Idan allurar gudun inji ta tashi ta bar allurar gudun mota a baya, kulocin yana zamewa, kuma a ɗaga ƙafa nan take, kada a maimaita sai an gano dalili.

Akwai wani haɗari ga direba a wannan aiki?

Akwai, kuma ba ƙarami ba ne. Filawil na narkakken ƙarfe da zafin zamewa ya tsattsaga yana iya tarwatsewa idan inji ya yi gudu mai yawa, kuma a motar da ke ja da tayoyin baya, yana juyawa ne dab da ƙafafun direba. Saboda haka hukumar NHRA ta wajabta wa motar da ke gama mita 402 cikin daƙiƙa 11.49 ko ƙasa da haka ta sa filawil da kuloci masu shaidar SFI, wato cibiyar da ke tsara ƙa'idojin amincin kayan tsere, tare da gidan kuloci na ƙarfe da zai tare gutsattsari. Ko motar ba ta zuwa filin tsere, filawil ɗin da aka ga tsaga ko shuɗin tabo mai zurfi a fuskarsa sauya shi ake yi, kuma wanda aka rage wa nauyi ta hanyar sassaƙe bayansa a injin unguwa bai kamata a ɗaura masa faranti mai ƙarfi ba.